Yadda zaka je Cape Coast daga Accra ka dawo a rana ɗaya, ka ga gari kuma ka ci kifi

Jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zongo, Fadama, Madina da Ashaiman, kullum ana tambaya wai Cape Coast ana iya zuwa a dawo rana guda? Ana iyawa mana, tafiyar ba ta wuce kilomita 150 ba, amma fa ba kilomita ke cin lokaci a hanyar nan ba, cunkoson garin Kasoa ne. Wanda ya wuce Kasoa kafin gari ya waye ya ci ribar ranar, wanda ya tsaya shan shayi har ƙarfe 7 kuwa to ya shirya ganin bayan trotro har rana ta take. Abu na biyu kuma kada ka ɗauko dogon buri. Dajin Kakum mai gadar igiya a saman bishiyoyi, kasil biyu wato tsoffin gine-ginen Turawa na Cape Coast da Elmina, jami'a, kasuwa, bakin teku, duk a wuni ɗaya, wlh in ka ce sai ka yi duka zaka dawo da ciwon ƙafa da hotuna kawai ba ka ga komai ba.

Fara da zaɓen rana. Kada ka je Talata in dai kifi ne ya kai ka, domin masuntan bakin tekun nan basa shiga ruwa ranar Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, zaka tarar da jirage a ɗaure ana ɗinkin koma. Ranakun hutu irin 6 ga Maris ko Litinin ɗin Ista ko washegarin Kirsimeti, nan ma ka haƙura, layin Kakum kaɗai ya isa ya cinye maka safiya. Juma'a ga sallah ga cunkoson yamma. Asabar ba laifi amma ita ce ranar bikin mutuwa a ƙasar Fante, ga kuma bas bas na 'yan makaranta. Ni dai Laraba ko Alhamis nake gaya wa mutane. In kuma so kake ka ga gari ya cika ya tumbatsa to Asabar ɗin farko ta Satumba ake Fetu Afahye, bikin mutanen Oguaa wato Cape Coast, sai dai wannan ba tafiyar wuni ɗaya bace, nemi wurin kwana tun da wuri.

Daren tafiya ka haɗa kayanka. Ghana Card ɗinka na farko, don a kasil da Kakum kuɗin ɗan ƙasa daban na baƙo daban kuma tazarar ba kaɗan bace, ɗalibi ya riƙe katin makaranta shi ma ana rage masa. Kuɗi a hannu, ƙananan sidi ba 'yan ɗari biyu biyu ba, MoMo na aiki a wurare da yawa amma mai doƙunu a bakin titi ba zata tsaya jiran netwok ba direba na danna hon. Takalmi mai rufi ba silifa ba saboda Kakum. Pawa bank, ƙaramar darduma, ruwa, hula ko lema. Mata in da hali a sa wando a ƙarƙashin abaya, kuma mayafin ya zama wanda ake ɗaurewa da kyau, iskar bakin teku ba ta da kunya.

Mota kuma hanya uku ce. In ku da yawa ne, kamar 'yan ƙungiya ko dangi, ku ɗauki shatar ƙaramar bas, ku yi ciniki tun kwana biyu kafin ranar kuma ku faɗa wa direba a fili cewa har da Kakum da Elmina a ciki, don in ba ku faɗa ba a can zai ce ai shi Cape Coast aka ce masa, a ƙara kuɗin mai. In kai kaɗai ne ko ku biyu, tashar Kaneshie zaka nufa, akwai motocin Cape Coast masu AC da marasa AC, ka duba wadda ta kusa cika ka shiga, kada kyan mota ya ruɗe ka ka zauna cikin wadda mutum uku ne a ciki. Akwai STC ma ga mai son natsuwa amma ita da lokacinta take tafiya ba da naka ba. Mai motar kansa kuwa ya duba taya da birki da takardu, 'yan sanda na hanya, kuma hanyar nan ta yi suna wajen haɗarin obatekin, kada ka biye wa masu Sprinter.

Ka yi asuba ka fita, in ma da hali ka yi ta a tasha. Koko da ƙosai ko masa ka saya a unguwa ka tafi da shi, na gida ya fi. Daga Mallam Junction sai Weija sai Kasoa, Buduburam, Winneba Junction. Tsakanin Kasoa da Winneba an daɗe ana aikin faɗaɗa hanya saboda haka ka sa ran ƙura da kwana kwana a wasu wurare. Bayan Apam Junction zaka fara ganin abarba jibge a bakin hanya wajen Ekumfi, irin doguwar nan mai farin ciki mai zaƙi, kar ka saya yanzu, bari sai dawowa. Sai Mankessim mai babbar kasuwa da randabawul, nan ma akan ɗan tsaya cak in ranar kasuwa ce. Daga Saltpond ne tafiya ke fara daɗi, ka zauna ɓangaren hagu in ka samu domin teku ta can zata ɓullo, ga bishiyoyin kwakwa, ga Fort Amsterdam a kan tudu wajen Abandze, sai Anomabo, Biriwa, Yamoransa, ka iso. In komai ya tafi daidai awa uku ne, wani lokacin da ɗan ɗori.

Yanzu sai ka yanke shawara, kuma tun a mota ya kamata ka yanke. Ko dai Kakum da kasil ɗaya, ko kasil biyu babu Kakum. Mai yara da matasa ya ɗauki na farko. Mai tafiya da tsofaffi ko wanda tarihi ya kawo shi ya ɗauki na biyu, kada ka wahalar da Hajiya da hawan tudu a daji.

In Kakum ne to shi zaka fara, kafin rana ta yi zafi kuma kafin bas ɗin 'yan makaranta su iso. Ka sauka Pedu Junction ka nemi tasi ko motar hanyar Jukwa, wajen kilomita 30 ne arewa da gari. In tasi ka ɗauka shata ka karɓi lambarsa ko ku shirya ya jira ka, samun motar dawowa daga bakin get ba kullum yake da sauƙi ba. A can zaka yanki tikiti, a haɗa ku rukuni da mai jagora, sai a hau tudu cikin daji kamar minti 15 zuwa 20, kuma hawan nan shi ne wahalar ba gadar ba. Gadar kanta igiya ce da raga da katako, guda 7 a jere daga bishiya zuwa bishiya, tsawonsu duka wajen mita 350, a wani wurin kana sama da ƙasa kusan mita 40, tun 1995 aka buɗe ta. Tana lilo, eh, amma ragar ta kai maka har ƙirji. Ka bar tazara tsakaninka da na gabanka, kada ka yi tsalle don tsokanar abokai, waya kuma a riƙe ta da kyau don abin da ya faɗi ya tafi kenan. Wanda ya ji ba zai iya ba akwai gajeriyar hanya bayan gadar farko, ba abin kunya bane. Kuma kar ka je da tunanin zaka ga giwa, akwai su a dajin amma suna can ciki nesa da hayaniyar mutane, abin da zaka gani bishiyoyi ne manya manya da tsuntsaye da malam buɗe littafi. A bakin hanya ana sayar da zuma da 'ya'yan koko da ayaba, ana kuma sayar da bammi a gora, wani zai ce maka ai sabo ne bai yi tsami ba, ka ce masa medaase, wato na gode, ka wuce.

Ƙarfe 12 ya kamata ace kana cikin gari. Nufi Kotokuraba, nan ne kasuwa kuma nan zongo yake, akwai masallaci, zaka ji Hausa a bakin mahauta da masu waakye sai ka ɗauka Nima kake. Ba sabon abu bane, tun shekarun 1870 da Turawan Ingila suka kawo sojojin Hausa bakin tekun nan mutanenmu suke zaune a garuruwan. Ka yi azahar a nan. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, wanda bai san yadda ake yi ba ko yana son haɗa azahar da la'asar ya tambayi malaminsa tun a gida, ba a tsakiyar kasuwa ake neman fatawa ba.

To abinci, wanda shi ne rabin dalilin zuwan. Waakye da tuwo kana da su a gida, kada ka yi tafiyar awa uku ka zo ka ci abin da ke ƙofar gidanku. Nemi fante fante, miyar ɗanyen kifi ce da manja da tumatir da albasa da barkono, ba a soya kifin, a cikin miyar yake dahuwa shi yasa romon ke da wannan ɗanɗanon teku. Da etsew ake cinta, tuwon masara ne mai ɗan tsami ɗan'uwan banku amma babu rogo a ciki, ko kuma da doƙunun Fante. Shi doƙunun Fante ba irin na Ga bane da muka saba a Accra, wancan da bawon masara ake naɗe shi kuma da gishiri, wannan da busasshen ganyen ayaba ake naɗewa, ya fi tauri, ganyen ya ba shi wani ƙamshi da launi a jiki, kuma yana kwanaki bai lalace ba. In ba ka son miya to soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono da shito da yankakkiyar albasa, shikenan. Akwai jatan lande, akwai ƙaguwa wadda ita ce ma alamar garin har gunkinta suka yi a tsakiyar gari, akwai soyayyen oktopas, halittar teku mai hannu takwas, ga mai son gwada sabon abu. Wajen Agusta zuwa Satumba lokacin kifin da suke kira amane ne, kifi ya yi araha har ka rasa na zaɓa.

Amma a kula. Kifi halal ne ba magana, matsalar tukunya ce da mai. A coba, wato gidajen abinci, da yawa miya ɗaya ake zuba kifi da nama da ƙafar alade don ɗanɗano, saboda haka kafin a zuba maka ka tambaya, Maame me da me ke cikin miyar nan, kuma man da aka soya kifin an soya wani abu a ciki? Basa jin haushi, sun saba da musulmi. In ka ga ana gasa nama a bakin titi ba bahaushe ko ɗan arewa ke yi ba ka tambaya sau biyu. Wuraren cin abinci na bakin teku kusa da kasil suna da kyan zama, iska na kaɗawa kana kallon jirage, amma ana sayar da giya kuma abinci na daɗewa kafin ya fito, ga tsada, mai sauri ba nan zai zauna ba. Ni inda na ga hayaƙi na tashi kuma matan gari sun yi layi da kwanukansu, nan nake tsayawa.

Daga Kotokuraba ka hau pragya ko tasi zuwa kasil, ba nisa, mai ƙarfi ma zai taka. A bakin ƙofa samari zasu tare ka da fara'a su tambayi sunanka, in ka fito zaka tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar kodi ana jiran kuɗi, in ba ka so kada ka ba da sunan tun farko. Ana buɗewa wajen ƙarfe 9 na safe a rufe wajen 4:30, ka yanki tikiti ka jira a haɗa rukuni, zagayen da mai jagora kamar awa ɗaya ne.

Turawan Suwidin ne suka fara gini a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingila ta ƙwace a shekarun 1660, daga nan ya zama hedikwatarsu, garin ma shi ne babban birnin Gold Coast har 1877 da aka mayar Accra. Za a fara sauka da ku kurkukun maza inda ake tsare bayi a zamanin cinikin bayi kafin a kwashe su a jirgi, rami ne mai duhu da 'yar taga can sama, mai jagora zai kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda yake, kuma zai nuna muku cewa ƙasan da kuke takawa ba dutse bane zalla, abin da ya fita daga jikin mutane ne ya taru ya daskare. A saman wannan ramin daidai suka gina cocinsu. Sai ɗakin da ake jefa wanda ya yi tawaye, babu taga babu ruwa, sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake kira Door of No Return wadda ke fita bakin ruwa inda jirgi ke jira. In ka fita ta nan yau masunta zaka gani suna gyaran koma yara na wasa. Akwai allon da Obama da matarsa suka buɗe lokacin da suka zo a Yulin 2009, a sama kuma akwai gidan tarihi da ɗakunan gwamna masu manyan tagogi, kada ka tsallake su, sai ka hau can ka sha iska zaka gane nisan da ke tsakanin sama da ƙasa a gini ɗaya.

Abin da nake roƙo, a shiga wurin nan da ladabi. Zaka ga baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika suna kuka, wasu sun ajiye furanni, ba lokacin selfi da dariya da TikTok bane. Kuma mu 'yan zongo kada mu ɗauka labarin wasu ne. Da yawan waɗanda aka tsare a ramukan nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin Salaga, a tsaya da su Assin Manso a yi musu wankan ƙarshe a rafi kafin a kawo su bakin teku, kuma a cinikin nan akwai hannun fatake da sarakunan ƙasar nan ba Bature kaɗai ba. Yara ƙanana sosai gara a bar su a fili da wani babba, zafin ciki da duhun na firgita su, mai asma ma ya riƙe abin shaƙarsa.

In ka fito ka sha kwakwa ka huta, sai ka kama hanyar Elmina, kilomita 12 ne ko 13, kuma jami'ar na kan hanya. UCC, wato Jami'ar Cape Coast, tun 1962 take, asali don horar da malamai aka kafa ta, tana kan tudu tana kallon teku. Ba sai ka daɗe ba, ka sa mai tasi ya shiga ta get ɗaya ya zaga da kai tsohon sashe da sabo ya fita ta ɗayan, minti 20 ya isa, akwai masallacin ɗalibai in la'asar ta same ka a can. Amma in kana da yaro ɗan JHS ko SHS to wannan zagayen ya fi masa Kakum amfani, ya ga hostel ya ga laburare ya ga 'yan mata da hijabi riƙe da littattafai, yaran unguwanninmu da yawa basu taɓa taka harabar jami'a ba. Garin gaba ɗaya na makarantu ne, Mfantsipim tun 1876 inda Kofi Annan ya yi karatu, Adisadel, St. Augustine's, Wesley Girls, Holy Child, kusan kowane tudu da makaranta a kai. Shi yasa ranar komawa makaranta ko ranar ziyarar iyaye gari ke cushewa da motocin Accra. Makarantun nan ba a shiga haka kawai, daga get zaka gani.

Elmina ta fi Cape Coast tsufa, Turawan Fotugal suka gina kasil ɗinta a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, a ciki aka tsare Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi ƙasar, mutanen Kumasi ku nemi a nuna muku ɗakin. In ka riga ka shiga na Cape Coast kuma lokaci ya ja, ba dole ka shiga wannan ba, tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya ka kalli jiragen kamun kifi ɗaruruwa da tutoci kala kala, ko ka hau tudun Fort St. Jago ka ga gari duka a ƙasanka. Kada ka ɗauki hoton masunta ko matan kasuwa ba izini, faɗa ne zai tashi da yaren da ba ka ji. A nan zaka sayi kifin tsaraba, ƙyafaffe ya fi sai in ka zo da kula da ƙanƙara. Ka taya rabin abin da aka faɗa ku haɗu a tsakiya, ka ce Anti a ƙara min, ana ƙarawa. Ka duba cikin kifin ba na saman tire kaɗai ba.

Maganar wanka a teku kuwa a bar ta. Ruwan wajen nan na da ja, igiyar na janye mutum ta ƙasa ko ya iya iyo, a jiƙa ƙafa a ɗau hoto ya wadatar, kuma a riƙe hannun yara.

Ƙarfe 4 zuwa 4:30 ka kama hanyar gida, kada ka ce bari in ga faɗuwar rana, tuƙin dare a hanyar nan da manyan motoci ba abin so bane. Mai motar haya ya nufi tashar Tantri ko Pedu. A Yamoransa ka ce direba ya ɗan tsaya, nan ne gidan doƙunu, zaka ga tebura jere da shuɗiyar leda kowace mai sayarwa da sunanta a allo, ka taɓa ka ji mai ɗumi ka saya da yawa don maƙwabta zasu tambaya, wanda ya kwana biyu kuma a dama shi da madara da suga da gyaɗa a sa a firij. Abarbar Ekumfi ma yanzu ne lokacinta. Magariba zata same ka wajen Winneba Junction ko gaba kaɗan, akwai gidajen mai da zaka tsaya ka yi alwala, daga nan sai haƙurin Kasoa, da yake kai shiga Accra kake yi masu tashi daga aiki kuma fita suke, ɓangarenka ya fi sauƙi sai dai in Lahadi ce.

'Yan Kumasi ku kuma lissafinku daban, ta Assin Fosu zaku gangaro ku fito Yamoransa, awa huɗu zuwa biyar ne kowane ɓangare, ku kwana ɗaya kawai ya fi, kuma tunda Assin Manso na kan hanyarku ku tsaya can tukuna kafin ku iso kasil.